Wa Zai Biya Manomi Ladan Tare Laka?

Idan aka yi ruwan sama mai ƙarfi kogi ya yi jajawur, mutanen gari sukan ce ruwa ya gurɓace, su jira ya kwanta. Ba kasafai ake tambayar inda wannan launin ya fito ba. Gonar wani ce ke wucewa ta ƙarƙashin gada. Ƙasar sama ce, wadda taki da danshi da duk abin da ke raya shuka suke cikinta. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce santimita 2 zuwa 3 na irin wannan ƙasa kan ɗauki har shekara 1,000 kafin ta samu, alhali ruwan dare ɗaya yana iya kwashe ta daga gangaren da aka bari tsirara.

Inda lakar ta je ta sauka, wata asarar ce ke jira. A matatar ruwan sha sai an ƙara sinadarai, wani lokaci ma a tsayar da injina har ruwan ya lafa. A madatsar ruwa, lakar kan kwanta shekara bayan shekara tana cinye gurbin da aka gina domin ruwa. Wani nazari da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a farkon 2023, wanda ya duba manyan madatsu kusan 50,000 a ƙasashe 150, ya yi hasashen cewa zuwa 2050 za su rasa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da aka gina su su riƙe. Kifi kan rasa tsakuwar da yake zuba ƙwai a kanta, hasken rana ya kasa isa ga tsirran da ke ƙasan ruwa. Lakar kuma ba ita kaɗai take tafiya ba. Sinadarin fosfaras na takin zamani da ragowar maganin feshi sukan manne mata, su je su haddasa gansakuka mai guba a tafkuna.

Duk ƙasar da ruwanta ke gangarowa cikin kogi guda, wato magangarar kogin, yawancinta ba a hannun hukuma take ba. Tana hannun dubban manoma da makiyaya, kowa da ɗan yankinsa. Babu injin da za a saya a kafa a wuri ɗaya ya tare laka. Sai dai waɗannan mutane su yarda su canja yadda suke huɗa, da inda dabbobinsu ke shan ruwa, da abin da suke bari a gona bayan girbi. To ta yaya za a shawo kansu? Amsar da aka fi ji daga ofisoshi ita ce wayar da kai: a kira taro, a raba takardu, a yi jawabi, a ɗauki hoto. Ni dai a ganina nan ne ake kuskuren farko, domin an ɗauka cewa rashin sani ne ke damun manomi. Mutumin da ya ga kwazazzabo yana cin gefen gonarsa damina bayan damina ya fi mai jawabin sanin abin da ruwa ke yi wa ƙasa. Abin da ke gabansa lissafi ne, kuma lissafin bai fita ba.

Mu dubi abin da ake roƙonsa. A ce masa ya bar mita goma ko ashirin a gaɓar rafi kada ya noma, ya bar ciyawa da itatuwa su kama. Wannan gaɓar ita ce wurin da ya fi danshi da albarka a duk gonar. A ce ya yi kunyoyi a gicciye maimakon bin gangare, ya jera duwatsu, ya dasa jema a kan layi. Aiki ne na ƙarfi da kuɗi, a daidai lokacin da hannuwa suka yi ƙaranci. A ce ya bar karmami ya rufe ƙasa, alhali dabbobinsa na jiransa. A ce makiyayi ya kewaye rafi da shinge ya haƙa mashaya a nesa. Duk wannan shi zai biya kuɗinsa yau. Ribar kuwa, wani kaso nata zai dawo masa bayan shekaru, amma mafi girmanta za ta bi ruwa ta tafi wurin hukumar ruwan birni da kamfanin lantarki da masu kamun kifi, mutanen da bai taɓa gani ba kuma ba su san da zamansa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya ƙi shiga irin wannan ciniki bai cancanci a kira shi jahili ba.

Saboda haka abin da nake kira a yi shi ne yarjejeniya tsakanin na sama da na ƙasa: masu shan ruwa su biya masu riƙe ƙasa kuɗin aikin da suke so a yi musu. An gwada wannan, kuma labarin birnin New York na Amurka ya isa a tsaya a kansa.

Kimanin kashi 90 cikin 100 na ruwan da mutum miliyan 9 ke sha a birnin da kewayensa daga tsaunukan Catskill da magangarar kogin Delaware yake fitowa, yanki ne na ƙananan garuruwa da masu kiwon shanun madara. A 1989 hukumar kare muhalli ta tarayya ta fitar da ƙa'idar cewa dole a tace ruwan sha da ake ɗebowa daga koguna da tafkuna, sai dai in an tabbatar ana kare tushensa. Gina matatar da za ta ishi New York zai ci dala biliyan 6 ko fiye, ban da kuɗin tafiyar da ita duk shekara. Sai birnin ya fara da abin da hukumomi suka saba: a 1990 ya fitar da daftarin dokoki masu tsauri kan yadda za a yi noma da kiwo a yankin. Manoma suka yi tsalle suka dire. Suna da dalili, domin ba su manta cewa wannan birnin ne ya tashi ƙauyukan iyayensu ya nutsar da su a ƙarƙashin madatsun Ashokan da Pepacton da Cannonsville ba.

Da rikici ya yi zafi, aka zauna. Manoman suka ce a janye dokokin, a bar su su tafiyar da shirin da kansu, birni ya ɗauki nauyin kuɗin, kuma kada a tilasta wa kowa shiga. Birnin ya amince bisa sharaɗi guda: cikin shekara biyar a samu kashi 85 cikin 100 na gonakin sun shiga, in ba haka ba dokoki su dawo. A 1993 aka kafa majalisar aikin gona ta magangarar, wadda manoma ke jagoranta. Kowace gona aka zauna da mai ita aka tsara mata nata shirin, ana duba kasuwancinsa da ingancin ruwa a lokaci guda: inda za a tara kashin shanu, inda za a sa shinge, inda dabba za ta tsallaka rafi ba tare da ta rusa gaɓa ba. Waɗanda suka shiga sun zarce kashi 90. A 1997 aka sa hannu kan babbar yarjejeniya da garuruwan yankin, kuma har yau ruwan Catskill da Delaware yana isa birni ba tare da ya bi ta irin waccan matatar ba. Ba a ce matsala ta ƙare ba, don in guguwa ta zo da ruwa mai yawa, kamar ta Irene a 2011, yumɓun gaɓar rafuka yakan dagula ruwan sosai. Amma abin da ya sa maƙwabci ya ja maƙwabcinsa cikin shirin a bayyane yake: nasu ne, ba ya cin aljihunsu, kuma kowa ya san abin da zai biyo baya idan aka gaza.

Akasin wannan hanya ita ce tilas, kuma tarihinta cike yake da darasi. A Kenya, Turawan mulkin mallaka sun tilasta wa mutanen karkara aikin yanka gangaren tsaunuka hawa-hawa domin hana zaizayar ƙasa. Dabarar kanta ba ta da laifi. Amma da yake da tara da aikin dole aka zo da ita, sai ta zama abin ƙi, har matan Murang'a suka yi mata bore a ƙarshen shekarun 1940. A Habasha, gwamnatin soja ta mayar da duk ƙasar noma ta gwamnati a 1975, sannan aka yi gagarumin aikin jera duwatsu da gina kunyoyi ana biyan mutane da abinci. Da gwamnatin ta faɗi a 1991, manoma da dama suka rushe abin da suka gina da hannunsu, suka sare itatuwan da aka dasa. Ga kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina: a gundumar Machakos ta Kenya, wadda aka yi wa kallon ƙasar da ta mutu a shekarun 1930, manoma da kansu suka dawo suka rungumi wannan aikin bayan an daina tilasta musu, lokacin da suka samu hanyar kai amfaninsu kasuwa kuma suka tabbata gonakin nasu ne. Zuwa 1990 yawan jama'a ya ninka sau biyar, zaizaya kuma ta ragu.

Wannan ya kawo mu batun da masu shirya ayyuka suka fi gudu, wato mallakar ƙasa. Wanda ke noma gonar aro ko haya ko jingina, wanda bai san ko baɗi zai sake taka ta ba, me zai sa ya dasa itacen da sai bayan shekara bakwai zai amfane shi? Wani lokaci ma gyara gonar shi ne zai sa mai ita ya karɓe abarsa ko ya ƙara kuɗin haya. A tudun Loess na ƙasar Sin, inda Rawayen Kogi ke kwasar lakar da ta kai tan biliyan 1.6 a shekara a yawancin ƙarni na 20, har ta cinye babban kaso na gurbin madatsar Sanmenxia 'yan shekaru bayan kammala ta a 1960, aikin farfaɗowar da aka fara da Bankin Duniya a 1994 bai tsaya ga yanka tsaunuka da dasa itatuwa ba. An bai wa manoma takardun riƙe ƙasa na dogon zango, aka biya su ladan aiki. Daga 1999 kuma gwamnati ta riƙa ba da hatsi da kuɗi ga wanda ya daina noma gangare mai tsayi ya mayar da shi daji ko ciyawa. Lakar da kogin ke ɗauka yanzu ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na ta da ba. Akwai hannun ƙananan madatsun tare laka a wannan raguwar, akwai kuma tilas a ciki, musamman hana sakin awaki kiwo, wanda ba kowa ya ji daɗinsa ba. Duk da haka, da ba a ba mutane tabbacin cewa abin da suka gyara nasu ne ba, da wuya aikin ya ɗore.

Akwai wani abu da ya kamata a yi tun kafin a je ƙofar kowa: a gano inda lakar take fitowa. Ba ko'ina take fitowa daidai wa daida ba. A Ostareliya, inda laka daga jihar Queensland ke dusashe hasken da murjani da ciyawar teku suke buƙata a Great Barrier Reef, wato babban jerin duwatsun murjani da ke cikin teku daura da gaɓar jihar, an fara shirin kare ingancin ruwa tun 2003. Da masana suka bi sawun lakar kogin Burdekin, wanda ya fi kowane kogi kai laka wurin, sai suka tarar mafi yawanta daga kwazazzabai da gaɓar koguna masu ruftawa take fitowa, wuraren da ba su da yawa idan aka kwatanta da faɗin makiyayar. Ma'anar wannan babba ce. Idan aka raba kuɗi ƙwaya-ƙwaya ga kowa domin a ce an yi adalci, za a kashe su ruwa bai canja ba. Gyara babban kwazazzabo kuwa aiki ne na injiniyoyi da manyan motoci, ya fi ƙarfin mai gona ɗaya, kuma sau da yawa ba a zamaninsa ya fara ba, gadonsa ya yi. Ɗora masa laifin ba adalci ba ne.

Af, kuma a faɗi gaskiya: ba duk laka ce ta manomi ba. Hanyar da aka yi ba tare da magudana mai kyau ba, kwalbatin da ke tattara ruwan unguwa guda ya sake shi da ƙarfi a kan gonar wani, filin gini da aka share aka bari, masu haƙar yashi da ma'adinai a cikin kogi, duk suna da kasonsu. Hukumar da kwalbatinta ya haifi kwazazzabo, idan ta zo tana yi wa mai gonar wa'azin zaizayar ƙasa, kada ta yi mamaki in ya saurare ta da kunne ɗaya.

Sai batun wanda zai yi maganar. Manomi yana jin malamin gonar da ya daɗe da sani, wanda ya taɓa ba shi shawara ta yi amfani, yana kuma jin maƙwabcin da ya gwada abu ya ga sakamako a gonarsa. Amurka ta gano haka bayan guguwar ƙurar shekarun 1930. An kafa hukumar kare ƙasar noma a 1935 ƙarƙashin Hugh Hammond Bennett, amma ba da daɗewa ba aka ga ma'aikatan tarayya kaɗai ba za su iya ba, sai aka fara kafa gundumomin kare ƙasa da manoman yanki ke jagoranta daga 1937, yau sun kusa 3,000. Ƙungiyoyin manoma masu kula da ƙasa da ake kira Landcare, waɗanda suka faro a jihar Victoria ta Ostareliya a 1986 kan wannan tunanin aka gina su. Abin da ke kashe amana shi ne aikin shekara uku: a zo da sababbin motoci da alkawura, a kafa allo, kuɗi su ƙare, ma'aikata su watse, bayan ɗan lokaci wasu su zo da sabon suna su fara daga farko. Kogi ba ya amsa gyara cikin shekara uku. Lakar da ta riga ta taru a kwaruruka da gaɓoɓi tana iya ci gaba da motsi shekaru masu yawa bayan an gyara gonakin sama. Duk wanda ya yi wa manoma alkawarin ganin ruwa garau nan kusa, ya shirya musu dalilin yanke ƙauna ne.

Na san akwai mai cewa: don me za a biya mutum don ya daina ɓata ruwan jama'a? Ai masana'anta idan ta zuba guba a kogi tararta ake ci. Maganar tana da ƙarfi, kuma ban yarda a watsar da ita ba. Akwai abin da bai kamata a biya kowa don ya bari ba, kamar ture gaɓar kogi da katafila, ko share tsauni mai tsayi a bar shi tsirara, ko babban kamfanin noma mai dubban kadada da ke da halin gyarawa ya ƙi. Waɗannan doka ce maganinsu, kuma a zartar da ita. Amma bututun masana'anta ɗaya ne, ana iya zuwa a auna abin da ke fita daga cikinsa. Laka kuwa daga gonaki dubu take tsattsafowa cikin dare, babu mai iya cewa wannan cokalin na wane ne. Dokar da ba a iya sa ido a kanta, ƙiyayya kawai take haifarwa. Ko a Queensland, da aka tsaurara dokokin noma da kiwo a 2019, manoma da yawa sun ɗauka an mai da su masu laifi, kuma hakan ya taɓa amanar da aka daɗe ana ginawa. Ra'ayina shi ne doka ta shata mafi ƙarancin abin da ake bukata daga kowa, duk abin da ya haura wannan kuma, wanda jama'a ke so don amfanin kansu, jama'a su biya.

Biyan ma yana da ramukansa. Idan takardar mallaka ce kaɗai tikitin shiga, kuɗin zai tafi wurin mai gonar da ke zaune a birni, wanda ke riƙe da fartanya ya tashi a tutar babu. Matan da ke noma filayen da ba da sunansu ba za su faɗo ta wannan ramin. Haka makiyayin da ba shi da ƙasa amma dabbobinsa na shan ruwa a rafin: idan aka kewaye gaɓa da shinge ba a bar masa burtali da mashaya ba, an sayi ruwa mai tsabta da rikici. Sannan in kuɗi ne kaɗai ke riƙe da aikin, ranar da suka tsaya aikin zai tsaya. Shi ya sa na fi son a fara da gyaran da mai gona zai ga amfaninsa da idonsa, kamar ƙarin danshi, ƙarin amfani, ciyawar da zai yanka wa dabba a gaɓar da ya bari, itatuwan da ke ba da 'ya'ya, sannan a ware biya na dindindin ga abin da ba zai taɓa mayar masa da kuɗinsa ba, kamar filin da ya sadaukar gaba ɗaya.

Daga ina kuɗin dindindin zai fito? Daga wurin da ribar take sauka. A birnin Quito na Ikwado an kafa asusun kare ruwa a 2000, kamfanin ruwan birnin yana zuba masa wani kaso na kuɗin da yake karɓa daga masu amfani da ruwa, kason da ya kai kashi 2 cikin 100. A Kenya an ƙaddamar da irinsa a 2015 domin saman kogin Tana, wanda ke bai wa Nairobi kusan duk ruwan shanta, inda kamfanonin ruwa da na lantarki da masana'antu ke tallafa wa ƙananan manoma su yi kunyoyi, su dasa ciyawa da itatuwa, su haƙa ramukan tara ruwan sama. Kowace hukumar ruwa tana da lissafin abin da take kashewa kan sinadaran tace laka, kowace madatsa tana iya auna gurbin da ta rasa da abin da yashe ta zai ci. A fito da waɗannan alƙaluma fili, a ɗauki wani kaso a rubuta shi cikin doka yadda sauyin gwamnati ba zai taɓa shi ba, a sa wakilan manoma da makiyaya, maza da mata, a kujerun da ake yanke shawarar yadda za a kashe shi, kuma a riƙa kai musu sakamakon awon ruwan rafinsu duk shekara, ko ya yi kyau ko bai yi ba.